Ranar Da Na Share Ƙarshen Littafin Kulu

Ba wayar ce ta fara ɗaukar idona ba, takardar da aka naɗe ta da ita ce. Fallen littafin makaranta ne, an ɗaure shi da roba, an yi rubutu da koren biro, baƙaƙen sun miƙe sambal kamar an ja musu zare. Abin da aka rubuta bai wuce layi biyu ba: "A tura shafi na ɗaya zuwa na biyar a zauren masu karatu. Kada a taɓa komai. Kulu Fakku." Sau uku na karanta. Kafin Malam Buhari ya gama zuba mai a janareta, na riga na yi wa mai rubutun fuska, na yi mata tsawo, har da 'yar wushirya.

A lokacin watana huɗu da fara koyon turi a shagon Malam Buhari, bakin kasuwar Tambuwal. Na san abin da ku samarin yanzu kuke cewa game da wannan sana'a, don a gabana kuke faɗa: wai me ke ciki, ka sa kebul, ka danna, fim ya shiga waya, ka miƙa hannu. Ni ma haka na ɗauka ranar da yayana ya kawo ni, bayan jarrabawa ta ƙi ni karo na biyu. Ba laifin jarrabawar ba ne. Shekarun da abokaina suka yi suna fama da lissafi, ni na yi su ne cikin littattafan soyayya na haya da Yaya Asabe ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Na fito sakandare ban iya raba goma gida uku ba, amma ina iya siffanta idon budurwa shafi biyu ban maimaita kalma ba. Kwana uku da zuwana Malam Buhari ya ji na ce wa wata tsohuwa mai neman karatun Alƙur'ani "ma'abociyar haƙuri da kamala", nan take ya sa mini suna Masoyi. Har yau a Tambuwal in ka ce Nasiru sai an tambaye ka wanne.

Kwamfuta ɗaya ce a shagon, fankarta na kuka kamar injin markaɗe, sai manyan faifan ajiya biyu da Malam Buhari ke naɗewa a tsohon zane in za a tashi. Kebul bakwai ne a rataye a ƙusa, kowanne da halinsa. Akwai wanda ba ya aiki sai ka lanƙwasa wuyansa ka riƙe numfashi. Akwai ɗan abin karanta memori da muke dannewa da dutsen guga, da allurar cire layi, da tsohon buroshi na goge bakin caji, don rabin wayoyin da ake kawowa wai sun mutu, ƙaiƙayin gero ne kawai ya toshe su. Wata biyu na yi ban taɓa kwamfutar ba. Aikina in karanta takardu, in jera wayoyi, in riƙe wacce ce ta wane.

Takardun nan su ne rabin sana'ar. A shekarun sabis bai kai ƙauyuka da yawa ba, to ranar kasuwa sai mai kabu-kabu ya bi gida-gida ya tara wayoyi a jaka, kowacce da takardarta. Wannan na son wa'azi. Wannan na son fim kashi na uku, don na biyu ya tsaya daidai inda aka ɗaga taɓarya. Wannan kuma so yake kawai a buɗe masa data saƙonnin ɗansa na Legas su sauko. Jakar Jabo takan iso da hantsi. Ta Fakku, da yake tafiyar da nisa, sai wajen sha ɗaya, a kafaɗar Bello. Bello ƙato ne mai gemu, tafin hannunsa kamar faranti, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu. Yakan dire jakar ya ce, "Masoyi, ga su. La'asar nika dawowa," ya tafi neman fasinja.

Wayar Kulu kowane mako tana cikin jakar. Littafi take rubutawa, a wata manhajar rubutu mai alamar alƙalami. Duk abin da ta rubuta a Fakku yakan zauna cikin wayar yana jiran sabis. In ta zo hannunmu sai in buɗe data, wata 'yar kibiya ta yi ta juyawa har shafukan su hau intanet, sannan in kwafe su in zuba a zauren da masu karatunta ke jira a wayoyinsu, matan aure da 'yan mata tun daga Dogon Daji har Birnin Kebbi, da 'yan maza irina da ba sa tsoma baki. Labarin wata Saratu ne mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a tashar Kebbe. Saurayinta Lawali ya tafi neman kuɗi ya ce damina ɗaya zai yi, ga ta uku ta kama. Ga kuma wani malamin dabbobi mai natsuwa da ke sayen gyaɗarta kullum, alhali gyaɗa na ɓata masa ciki. Babu jirgin sama a littafin, babu gidan bene, amma wallahi ranar kasuwa da shi nake tashi. Ni ne mutum na farko a duniya da ke karanta kowane shafi, kuma na ɗauki wannan a matsayin wata alaƙa tsakanina da Kulu, ko da yake ita ba ta sani ba.

Wayar wani dillalin shanu ce ta fara nuna mini shara. Ta cika fam, ko hoton bijimi ɗaya ba ta ɗauka. Malam Buhari ya buɗe manhajar shara mai hoton tsintsiya, ya danna, waya ta numfasa. Na ce, "Maigida, me aka share?" Ya ce, "Kesh." Ya ga ban gane ba, sai ya ajiye wayar. Ya ce in tuna yadda innata ke yi: hatsi yana rumbu, amma ba ta hawa rumbu duk lokacin da za ta ɗora tukunya, takan ɗebo na kwana biyu ta ajiye a ƙwarya kusa da murhu. Kesh shi ne ƙwaryar. Manhaja na ɗebo abin da take yawan buƙata ta ajiye kusa, don kada ta riƙa komawa intanet. "In kaza ta ci na ƙwarya, mi anka rasa? A koma rumbu a ɗebo. Don haka ake sharewa babu tsoro. Amma ka jiya, Masoyi, kada ka share waya tana cikin aiki. Kuma ba kowace manhaja ta san bambancin ƙwarya da rumbu ba." Rabin farko na maganar na riƙe, don shi ne mai daɗi.

Ranar da abin ya faru Malam Buhari ya tafi ɗaurin aure Jabo, ya bar mini shago karo na farko. Takardar Kulu ta ce: "Shafi na arba'in da ɗaya zuwa na arba'in da bakwai. Ƙarshe ke nan. Kada a taɓa komai." Tun safe zauren ke tafasa, ana cewa yau za a san ko Lawali ko malamin dabbobi. Na buɗe data, kibiya ta fara juyawa, sai ta tsaya cak, waya ta ce wuri ya ƙare. Ga mutum shida a kaina, ga ni na matsu in ga ƙarshe. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Kibiya na nan tana ta ƙoƙari, na buɗe tsintsiya na danna. Tsintsiya ta yi rawarta ta ce ta samo wuri. Na koma manhajar rubutu, kibiya ta juya sau biyu da sauri, ta sa koren maki, ta ce an kammala. Har na yaba wa kaina. Sunayen shafukan duk suna nan a jere, daga arba'in da ɗaya har arba'in da bakwai. Na buɗe na farko, fari fat. Na biyu, fari fat. Na buɗe duka bakwai, na rufe, na sake buɗewa, kamar yadda mai yunwa ke sake leƙa tukunyar da ya san an suɗe.

Abin da ya faru, wanda sai daga baya na fahimta, shi ne wanda ya gina manhajar nan, ko a wace ƙasa yake, bai taɓa zama inda ake mako guda babu sabis ba. Shafin da bai hau intanet ba sai ya ajiye shi a kesh, yana ganin ai minti ɗaya ne zai hau. Wato irin shuka ya zuba a ƙwaryar bakin murhu, babu ko ƙwaya a rumbu. Tsintsiya kuwa ba ta tambayar kowa. Da manhajar ta waiwayo ta tarar babu komai, maimakon ta yi ihu, sai ta ɗauki fanko ta kai intanet ta ce ga shafukan.

Tun daga nan na yi shekaru ina lura da halin manhajoji in an share musu kesh suna tsakiyar buƙatarsa, sai na ga ashe duk na san su tun a littattafan Yaya Asabe. Akwai mai suma. Ta duba ba ta ga abinta ba, sai ta faɗi, waya ta koma fuskar farko, ka tashe ta ta sake faɗuwa. Akwai mai jira, wadda za ta yi ta juya kibiya har caji ya ƙare ba ta ce maka uffan ba. Waɗannan suna da ban haushi, amma ko banza ka san da matsala. Wadda nake tsoro ita ce mai murmushi, irin ta wayar Kulu, da za ta nuna maka koren maki alhali ɗaki ya ƙone. Ta kirki kuwa ba ta da wani ado. Abin da ba shi da kwafi ba ta ajiye shi inda tsintsiya ke bi. Kafin ta yi amfani da abu takan duba ko yana nan, in ba ya nan ta koma ta ɗebo wani ba tare da ta ɗaga maka hankali ba. In babu hanyar ɗebowa sai ta tsaya ta faɗa maka da bakinta: abu kaza ya ɓata, ban aika komai ba, me kake so a yi? Irin wannan in ka samu ka riƙe ta. A littafi ita ce wadda jarumi ba ya kulawa sai shafin ƙarshe.

Ni dai a ranar halin mai murmushi na ɗauka. Na haɗa wayar da kwamfuta, na sa manhajar tono abin da aka share. Ta tono mini hotunan raguna da na tayar babur, ba ta tono ko harafi ɗaya ba. Azahar ta yi. A zaure wata ta rubuta cewa ta ƙi ɗora girki sai ta ga ƙarshe, in maigida ya yi faɗa alhakin yana wuyan Kulu. Sai wani tunani ya zo mini, irin wanda ke zuwa wa mutumin da ya karanta littattafai cike da buhu bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Na ce ai na san Saratu, na san Lawali, na san zuciyar Kulu fiye da kowa. Na sallami masu jira, na ja ƙyauren shago rabi, na zauna na rubuta ƙarshen da kaina.

A nawa ƙarshen, Lawali ya dawo cikin baƙar jif mai sanyi, ashe tun farko ɗan wani attajiri ne da aka yi musanyarsa a asibiti. Ya fito da farar shadda, ya durƙusa a tsakiyar tashar Kebbe, ya ce, "Ya ke fitilar da ke haska lungunan ruhina." Saratu ta suma. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ta ga makullin motar, ta sake suma. Malamin dabbobi kuwa na tura shi ƙarin karatu ƙasar waje, don kada ya sha wahala. Na karanta, idona ya ciko, na tura da sunan Kulu.

Ba a yi minti goma ba zaure ya hargitse. Wata ta ce, "Saratun da ke ɗaukar buhun gyaɗa ita kaɗai, ita za ta suma don ta ga mota?" Wata ta ce tsakiyar damina wace jif ce za ta bi hanyar nan, ko a kai aka ɗauko ta? Wata ta tambaya ina akuyar da Lawali ya bar wa Saratu amana tun shafi na uku, wadda ni na manta da ita sam. Wata dattijuwa ta aiko da murya a hankali, ta ce, "Ɗiyata Kulu, in ba ki da lafiya ki faɗa muna mu yi miki addu'a." Mutum biyu ne suka ce ya yi daɗi, kuma ina zargin ɗayarsu Yaya Asabe ce.

Da la'asar Bello ya zo. Ya ɗauki jaka, ya zaro wayar Kulu, ya tsaya bakin ƙofa yana karantawa. Na ga gemunsa yana motsi.

"Wa yat taɓa wagga waya?"

"Wuri ne ya ƙare, Malam Bello, sai na ɗan share..."

"Fitilar da ke haska mi?"

"Lungunan ruhi."

"Lawali? Lawalin da ko sannu bai iya ba sai ya yi tari?" Ya matso har inuwarsa ta rufe kwamfuta. "Kwana bakwai nika rubutun ga. Gindin kuka, tsakanin fasinja da fasinja, da wanga babban yatsa. Kwana bakwai!"

Na ce, "Wato ita Kulu take faɗa, kai kana..."

Ya waiga ya ga babu kowa, ya tura ƙyauren da ƙafa. "Kulu matata ta. Ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Ni na. In kuwa maganar ga ta kai tasha, sai na ɗaure ka bayan babur na ja ka har Kebbe."

Na dubi hannun nan, na dubi koren biron da ke leƙowa daga aljihunsa. Abin da ya same ni a lokacin ba ya cikin labarin sana'a, don haka na tsallake shi. Shi dai ya ce da sunansa ya fara rubutu, mata suka ce mai kabu-kabu me ya sani, abokan tasha kuma suka yi mako guda suna kiransa amarya. Shi ya sa ya ari sunan matarsa, kuma da sunan nan ya tara duk masu karatun da na yi wa ɓarna yau.

Muna cikin haka Malam Buhari ya dawo da goron ɗaurin aure a aljihu. Ya saurari komai bai ɗaga murya ba. Sai ya fara tambaya kamar likita. Akwai shi a takarda? Babu. An taɓa tura wa wani? Babu. Ya ce Bello ya gwada tunowa. Bello ya dafe kai, ya fara layin farko sau uku, kowanne daban, ya ce abin da ya faru yana sane, amma kalmomin sun bi iska.

"Ba wanda ya taɓa jin shi da kunne?"

Bello ya ce, "Kulu. Kullum in na dawo nika karanta mata. Ita ka gyara min maganar mata."

Malam Buhari ya ce, "To ga rumbu can Fakku. Masoyi, nemi biro da littafi, ka hau babur."

Amma kafin mu tashi ya sa na yi abin da ya fi tafiyar wuya. Ya tsaya a kaina na rubuta a zaure cewa shafukan Kulu sun ɓata a hannun mai turi, abin da suka karanta mai turin ne ya rubuta, a yi haƙuri zuwa jibi. Na ce, "Maigida, ko a ce waya ce ta yi kuskure?" Ya ce, "Waya ta yi ƙarya, kai ma ka yi. Ta uku ba a shagona ba." Na tura. Dariyar da aka yi a zauren ta kai har washegari. Wata ta rubuta, "Allah ya shirye shi. Don Allah a nema masa mata."

Hanyar Fakku ta nuna mini inda jif ɗita za ta tsaya, wajen wuri biyar. Sau biyu muka sauka muka tura babur cikin laka. Washegari da hantsi na zauna a zauren gidansa da littafi a cinya. Kulu na ciki, bayan asabari, ban ga ko gefen zanenta ba. Muryarta kawai nake ji da ƙarar ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta ce, "Kai na mai fitila?" Na ce ni ne. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari," sannan ta fara.

Ban taɓa ganin irin wannan riƙo ba. Layi bayan layi take zubowa, har da inda Bello ya sa wani ya yi atishawa, Bello na gefe yana kaɗa kai yana cewa, "Haka na, haka na." In na yi jinkiri ta jira, in na yi kuskure ta ce in karanto mata, ta gyara. Muka yi shafi biyar lafiya lau. A na shida, Lawali ya sauko daga motar Kebbe da jaka ɗaya, babu jif, babu shadda.

Kulu ta ce, "Saratu ta auna mashi gyaɗa ta miƙa, tac ce, akuyarka ta haihu sau fuɗu, suna gida, ka aiko a kora maka."

Bello ya zabura. "A'a! Ba haka nir rubuta ba. Cewa tay yi ta yafe mashi."

"Kai kar rubuta haka. Ni tun ran nan nic ce maka ba ta yafewa. Damina uku ko saƙon gaisuwa babu, sannan ya sauko mota a yi mashi guɗa?"

"Littafina na ko naki?"

"Sunan wa ke kai?"

Bello ya juyo kaina. "Masoyi, kada ka rubuta."

Ƙarar gyaɗa ta tsaya. Daga bayan asabari aka ce, "Malam mai waya, in ba a rubuta wanga ba, sauran shafin ma na mance shi."

Na dubi Bello. Ya dubi rufin zaure, ya tashi ya ce zai duba tayar babur. Ni kuwa na rubuta. A shafin ƙarshe malamin dabbobi ya zo sayen gyaɗa kamar kullum, Saratu ta rufe farantinta ta ce, "Malam, ka bar wahalar da cikinka. In magana gare ka, Baba na gida bayan la'asar." Nan littafin ya ƙare. Na karanta littattafai da yawa da aka mutu a cikinsu don soyayya, ban taɓa ganin layin da ya kai wannan ba.

Da na dawo Tambuwal na buga shafukan a kwamfuta, na ajiye su wuri biyu, na buɗe kowanne na gani da idona, sannan na tura. Zaure ya cika da guɗa. Dattijuwar nan ta sake aiko da murya ta ce, "Alhamdu lillahi, Kulu ta warke." Na ba Bello shawarar ya sauya manhaja, na gwada masa sabuwar a gabansa: muka rubuta layi, muka rufe data, muka danna tsintsiya, layin bai motsa ba. Sai da ya sa na yi gwajin sau huɗu.

Wayar wani tela daga Dogon Daji ce ta tuna mini da duk wannan, shekarar da aka ɗauke sabis a yankinmu wata da watanni. Ita ce muguwar shekarar sana'armu. Babu data da za a buɗe, jakunkunan ƙauye suka rage, fina-finanmu suka tsufa a faifai, Malam Buhari ya koma gonarsa ya bar mini shago da makulli. A shekarar babu mai rumbu, abin da ke ƙwarya shi ke nan. Telan ya zo wai in share masa waya ya sami wurin waƙa. Na duba na ga duk hotunan ɗinkin da yake nuna wa masu kawo yadi a kesh suke, in suka tafi babu inda za a ɗebo su. Na yi rabin yini ina kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa memori kafin in taɓa tsintsiya, shi kuwa yana ta mita wai mai turin da ke gaban shagona minti ɗaya yake yi. Gaskiya ne, minti ɗaya yake yi. Waɗanda ya yi wa minti ɗayan ne suka riƙa zuwa wurina suna tambaya ko akwai dabara, kuma yawanci babu. Saboda haka in kun ga ina jujjuya wayar mutum ina tambayarsa me ke ciki wanda babu shi a wani wuri, ba tsufa ba ne. Kuma koren maki, ko na wace manhaja ne, ba na yarda da shi sai na buɗe na gani.

Yanzu sabis ya kai Fakku, wayar ba ta zuwa wurina. Kulu ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta iya rubutu, tana littafinta na biyar da hannunta. Bello kuwa na haɗu da shi bara a tashar Tambuwal, gemun ya fara furfura, yana ɗaure buhun wani fasinja. Na tambaye shi ya rubutu. Ya ce ya gaji da ɓoyo, ya fitar da littafi da sunansa na gaskiya, a zauren nan dai.

Na ce, "Madalla! Me suka ce?"

Ya ja robar ya ɗaure tam, ya buga babur sau biyu kafin ya amsa. "Sun ce ina da ƙoƙari. Amma wai in ji tsoron Allah in bar satar salon Kulu."